Yadda Muka Sauko da Kukun Takoradi

Duk Juma'a idan muka taru a ɗakin nan na unguwar Al-Sadd a Doha muna cin shinkafar da ɗayanku ya kusa ƙonawa, sai wani ya jefo mini maganar nan, wai Kawu Isiya aikinsa cefane ne kamar mai aikin gida. Ku da kuke tsaron ƙofar dogayen benaye a West Bay da kaki ya sha guga, da ku masu jan motocin otal a Lusail, gani kuke ni dai albasa nake saya in kai bakin ruwa in dawo in kwanta. Ban taɓa jin haushi ba, don ni ma da haka na ɗauki aikin ranar da na fara. Amma tunda gwiwa ta fara yi mini gardama, kuma na lura wasunku sun fara leƙen gurbina, gara in gaya muku abin da ke ciki tun ina da bakin faɗa.

Can cikin teku, inda ba a hangowa daga gari, akwai wurin da manyan jirage ke sauke anka suna jiran a ba su izinin shigowa tasha. Wani ya kwana ɗaya, wani ya yi watanni. A cikin kowane akwai mutane ashirin da wani abu, kuma babu kasuwa, babu maƙwabcin da za a aika a aro gishiri. Abin da muka kai musu shi za su ci har su isa wata ƙasa. Idan ka manta da yis ɗin burodi, sai su yi ta cin biskit har Singafo suna tsine maka. Wannan shi ne cefanen jirgi, kuma shi na yi tun gashina yana baƙi.

Ni mutumin Yauri ne, babana yana da kwalekwale, don haka ruwa bai taɓa ba ni tsoro ba. Sai dai ba ruwan ne ya kawo ni Doha ba, lebura na zo. Kafil ɗina, wato wanda ya yi mini biza, ya ajiye ni a siton wani kamfanin kai wa jirage kaya, aka miƙo mini wata shirgegiyar rigar sanyi da safar hannu. Na yi dariya, don a waje rana tana narkar da kwalta. Da aka buɗe ɗakin sanyi na shiga, na daina dariya. A nan ake ajiye kaji da nama da kifi, sun daskare kamar bulo, kuma idan ka daɗe a ciki sai ka daina jin yatsunka. A wannan ɗakin na yi shekarata ta farko.

Wanda ya fito da ni daga can wani tsohon Bature ne da ke riƙe da sashenmu. Sunansa yana da wuyar faɗa a bakinmu, sai wani direba ɗan Katsina ya ji labarin cewa ya taɓa zama ɗan majalisa, ya laƙaba masa Onarabul. Sunan ya bi shi, har Indiyawan ofis da haka suke kiransa. Shi kuma da aka fassara masa, sai ya ce ai ko lokacin da yake kan kujerar ba a girmama shi haka ba.

A ƙasar Ayalan aka haife shi, tsibirin nan da ke gefen Ingila, a wani ƙauyen masu kamun kifi. Duk wanda ya ce masa ɗan Ingila sai ya ga fuskarsa ta canza, kamar yadda taku take yi idan Balarabe ya ce muku 'yan Sudan. Gidansu kowa jirgi yake shiga, shi kaɗai ne idan ya taka jirgi cikinsa ke juyawa. Sai ya tsallaka Ingila yana saurayi, ya samu aiki a ofishin da ke kula da kayan sojan ruwa, ya yi ta hawa har ya zama shi ke yanke abin da dubban mutane za su ci da abin da za su sa a ƙafa, alhali shi ko kogi ba ya iya hayewa sai da leda a hannu. Daga nan siyasa ta ja shi. Ya tsaya zaɓe a wani garin bakin teku ya ci, ya sake ci, a karo na gaba suka kayar da shi saboda an rufe wata ma'aikatar gyaran jirage da ya yi alkawarin ba za a rufe ba. Bai taɓa cewa an yi masa maguɗi ba, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Cewa yake yi, "Na faɗi abin da ba ya hannuna, suka biya ni daidai." Bayan faɗuwar ne matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi, ya karɓi aikin nan na Doha.

Ranar da ya fara kula ni, tumatir nake jerawa a kwali na wani jirgi mai tafiya mai nisa. Na zaɓo jajaye masu kyau, irin waɗanda uwata za ta yaba. Ya tsaya a kaina ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya tambaye ni yaushe za a ci wannan. Na ce yau ko gobe. Ya ce to sauran kwanakin fa? Sai ya zauna a kan buhun dankali da wandonsa mai tsada, ya nuna mini yadda ake haɗawa: kashi guda nunanne, kashi guda mai ɗan ja, sauran kore shar, don su riƙa nuna bi da bi a hanya. Haka ayaba, haka gwanda. Albasa ba ta kwana kusa da dankali, tuffa ba ta kwana kusa da ganye. Ƙwai kuwa kan mai tsini ne ke kallon ƙasa. Ya ce mini mai cefanen gida yana saya wa yau, mu kuwa muna saya wa ranar da mutum ya gaji da ganin ruwa.

Sai kuma sanin masu ci. Shinkafar da mutumin Filifin zai ci da murna, idan ka kai wa Ba'indiye sai ya dawo maka da ita. 'Yan Yukren su dai a ba su kabeji da dankali da kirim mai tsami, ko me ka ƙara ba su gani ba. Girkawa za su shinshina man zaitun kamar masu sayen turare. Idan akwai Musulmi a jirgi, namansu daban, kwalinsu daban, ragarsu daban, kuma ni da kaina nake ɗaurewa don in iya rantsuwa a kai. Akwai kyaftin ɗin da ya taɓa sa muka zagaye Doha neman wani irin barkono na garinsu, da muka samo ya ɗanɗana ya ce ba shi ba ne, amma a bar masa. Irin waɗannan ba a yi musu fushi. Mutumin da ya yi rabin shekara bai ga matarsa ba, dole ya huce a kan barkono.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai ƙaramin jirgin da ke kai mu, muna ce masa lanc. Akwai raga mai kauri da ake zuba kaya a ciki, kirenin babban jirgi ya sauko da ƙugiya ya ja sama. Akwai wuƙa, da igiya, da oba-oba ta magana da mutanen sama. Shi ke nan. Amma ku zo ku tsaya a ƙarƙashin jirgin da tsayinsa ya kai benen da kuke gadi, iskar arewan nan da ake ce wa shamal tana kaɗawa, lanc yana hawa yana sauka, ƙugiyar ƙarfe tana lilo a saitin kanku, sannan ku gaya mini cefane ne. Kayan sanyi su ake lodawa ƙarshe a sauke su farko, don a zafin nan kaza ba ta jiran kowa. Gwangwani a ƙasan raga, ƙwai a sama. Kuma ba a taɓa tsayawa a ƙarƙashin raga idan ta tashi, ko da kuwa uban gidanka ne ya ce ka tsaya.

Doka ɗaya Onarabul ya kafa mana wadda ba ta cikin tsarin kamfani. Duk wanda ya kai kaya, sai ya hau tsanin igiya ya shiga kicin ya sha shayi da kuku kafin ya sauko. Mudir, wato manajan kamfani, yana ganin ɓata lokaci ne, shi kuwa ya ƙi janyewa. Ya ce a siyasa ya koyi wannan. Idan ka shiga gida ta ƙofar gaba, mai gida zai ce maka komai lafiya. Idan ka zagaya ta baya inda ake wanke tukwane, a nan za ka ji wanda aka kora daga aiki da wanda ba ya barci. Kyaftin zai gaya maka abin da jirgi ke so, kuku ne zai gaya maka halin da jirgi ke ciki. Na sha shayin duniya a kicin ɗin jirage, wani kamar ruwan wanki, kuma ban taɓa saukowa ban ƙaru da wani abu ba.

A haka na san Baba Seidu. Kuku ne a wani jirgin dakon kaya da ke yawan zuwa nan, dattijo ɗan Zangon Takoradi a Gana. Ranar farko na shiga kicin ina ta haɗa Turancina, sai na ji an ce daga bayan tukunya, "Kai, bar wahala. Wannan fuska na Hausa ne." Hausarsa irin ta Zango ce, ni ina yi masa dariya, shi kuma yana cewa tawa ta ƙauye ce. Ya girme ni nesa, don haka Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan'uwa. Yana gasa burodi kullum da asuba, kuma duk zuwana sai ya naɗe mini guda biyu a takarda, ɗaya nawa ɗaya na Onarabul, wanda bai taɓa gani ba. Ni kuma nakan ɓoye masa kuɓewa busasshiya da daddawa idan wani ya zo daga gida.

Sai shekarar annoba ta zo. Ku da yawanku ba ku iso ba tukuna, kuna gida ana rufe ku a unguwa. A teku abin ya fi muni. Aka hana kowa sauka daga jirgi, aka hana kowa hawa. Mutanen da wa'adin aikinsu ya ƙare suka ci gaba da zama, wata na bin wata, babu jirgin sama da zai kai su gida. Mu kuma aka ce aikinmu ba ya tsayawa, amma daga ƙasa za mu ɗaura raga, su ja, mu juya. Babu tsani, babu shayi. Jirgin su Baba Seidu yana cikin waɗanda suka maƙale a wurin anka suna jiran lodi. Duk da haka, idan muka je sai ya leƙo daga sama da farar hularsa ya yi mini sallama, burodin kuma ya sauko a cikin ragar da ta dawo.

Wata tafiya muka je bai leƙo ba. Ban kawo komai a raina ba, na ce ko yana kan wuta. Amma mu ne kuma muke kwaso sharar jirgi mu kawo tudu, kuma da ragar shara ta sauko, wata leda ta fashe a gabana. Sharar jirgin da ake girki a cikinsa ɓawo ce: ɓawon albasa, ɓawon dankali, ƙwanson ƙwai, ƙashin kaza. Wannan kuwa kabeji ne guda-guda sun ruɓe ko wuƙa ba ta taɓa su ba, da tumatir ɗin da na jera da hannuna, sai tulin ledojin taliyar nan ta zuba-ruwan-zafi da gwangwanayen kifi. Na buɗe leda ta biyu, haka. Babu wanda ke girki a jirgin nan, kuma an kwana biyu.

Na kira shugaban ma'aikatan saman jirgin a oba-oba, wani ɗan Filifin mai kirki, na ce ina kuku? Ya ce yana hutawa. Na ce a gaya masa ɗan'uwansa yana gaishe shi, ba zan tafi ba sai na ji muryarsa. Direban lanc ɗinmu yana ta ce mini, "Yalla, yalla," wai mu tafi, na yi kamar ban ji ba. Can sai oba-oba ta yi ƙara, na ji numfashi kafin na ji magana.

"Ɗan'uwa, kai ne?"

"Ni ne, Baba. Me ya same ka?"

"Ƙafa ne ya kumbura. Ciki ma ya kumbura. In na kwanta, numfashi ba ya zuwa, sai a zaune nake barci." Ya ja numfashi. "Ba ciwon nan da ake faɗi ba ne. Babu zazzaɓi, babu tari."

"Kyaftin ya sani?"

"Ya sani. Ya ba ni magani. Amma in ya faɗa ma tasha akwai marar lafiya, za su killace jirgi, layinmu ya wuce. Yaran nan wasu sun shekara ba su ga gida ba, an ce in mun yi lodi mun je gaba za a canja su. Ni ma na ce ma kyaftin ya yi shiru."

Na ce masa wannan ba magana ba ce. Muna yi da Hausa a layin da kowa ke ji, amma ba mai ganewa sai mu. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ni ba mutuwa nake tsoro ba, na tsufa. Ɗakin sanyi nake tsoro. Wani shekara wani yaro ya mutu muna tsakiyar ruwa. Ni na kwashe kaji na gyara masa wuri. Kullum in na shiga ɗaukar nama ina masa sallama, har muka kai tudu. Babu wanka, babu salla, yana nan kamar kifi. In ya zama nawa ya zo, kar ka bari su sa ni can."

Na san ɗakin da yake nufi, na shekara a irinsa. Ban san lokacin da na ce masa in sha Allahu ba za a sa shi ba. Muna juyawa na gane na yi irin abin da ya kayar da Onarabul zaɓe, na faɗi abin da ba ya hannuna. Tsoro ya kama ni sosai a hanyar dawowa.

Sauke marar lafiya ba aikinmu ba ne, aikin ejan ne, wakilin jirgin a tudu, shi kuma ba ya motsi sai kyaftin ya ce. Mu masu sayar da dankali ne. Idan muka tsallake kyaftin muka kai ƙara, mun rasa wannan kamfanin har abada, kuma sauran kyaftin-kyaftin za su ji cewa masu cefanen nan suna da dogon baki. Na sami Onarabul a ofis na zayyana masa komai. A lokacin ya tsufa ƙwarai, an ma ce masu shekarunsa su zauna a gida, ya ƙi. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Sai ya ce, "Wannan shi ne mai burodin?" Na ce shi ne. Ya ɗauki hularsa ya ce in kawo mota.

A kwanakin nan na ga yadda ake siyasa, ba irin ta lasifika da muka sani ba. Bai je wurin kowa ya ce a sauke mutum ba, don ya san kowa zai ce ba huruminsa ba ne. Kowa ɗan abin da zai iya cewa to a kai ya tambaye shi. Likitar da ke duba ma'aikatan tasha ya tambaye ta, idan da za a kawo mutum bakin jeti inda lanc ke tsayawa, za ta duba shi? Ta ce idan an kawo. Jami'in tasha kuma Onarabul ya tambaye shi, idan likita ta yarda, kuma gwaji ya nuna ba annoba ba ce, dole ne jirgi ya rasa layinsa? Mutumin ya ce zai tambaya, a dawo bukra, wato gobe. Muka dawo bukra, muka sake dawowa. Ofisoshi a rufe suke ga baƙi, don haka a wurin ajiye motoci yake tsayawa da takunkumi a fuska, rana tana dukansa, har mutum ya fito. Ba ya ɗaga murya, ba ya nuna gajiya, kuma yana tuna sunan ɗan kowa. Ni ina mota ina cin raina, ina tunanin mutumin da ke barci a zaune.

Da ya gama haɗa waɗannan, saura kyaftin. Na ce a kira shi a waya. Ya ce a'a, mutum yana iya ƙin murya, amma da wuya ya ƙi wanda ya taso ya zo. Na ce, "Onarabul, ka san yadda kake da ruwa." Ya ce, "Nemo bokiti."

Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya taka lanc ba sai ranar. Ba mu fita daga tasha ba ya fara amai, kuma bai daina ba har muka isa. Fuskarsa ta koma kalar ganyen kabeji. Muka tsaya a gindin jirgin, kyaftin ya leƙo daga can sama, ya ga tsoho zaune a kan kwalin madara, bokiti a tsakanin ƙafafu, oba-oba a hannu. Onarabul ya gaishe shi, ya tambayi mutanensa, ya ce a dakata, ya sunkuya a bokiti, ya goge baki ya ci gaba. Bai zarge shi da komai ba. Ya ce masa ya san nauyin da ke kansa, ya san yaran da ke son gida. Ya gaya masa likita tana jira, tasha ta ce idan gwaji ya fita lafiya layinsa yana nan. Sannan ya ce, "Babu wanda ya kai ƙara, kyaftin, kuma babu wanda zai kai. Kai ne za ka kira ejan ka ce ka lura kukunka ba shi da lafiya. Ni dankali na kawo."

Kyaftin ya dafa ƙarfen bakin jirgi ya dube mu. Mutum ne da bai kai ni shekaru ba, kuma daga ƙasa ma ana ganin ya rame. Ya ce idan gwajin ya fita ba daidai ba fa? Onarabul ya ce to za a killace su, kuma ba zai yi masa ƙarya ya ce ba za a yi ba. Ya ce ya taɓa yi wa mutane alkawarin da ba nasa ba, ba zai ƙara ba. Kyaftin ya bar bakin ƙarfen ya shige ciki. Muna nan muna lilo a kan ruwa, sai wayar Onarabul ta yi ƙara, ejan ne yake cewa kyaftin ya kira shi yanzun nan.

Washegari da hantsi muka koma da ma'aikatan lafiya cikin fararen kayan nan masu rufe mutum duka. Aka yi gwaji, aka jira, ya fita babu annoba. Da kirenin da ke jan cefane aka sauko da Baba Seidu, a ɗaure a gadon ɗaukar marar lafiya, ni ne a ƙasa ina riƙe da igiyar da ke hana shi juyawa. Na sauke kaya a rayuwata ba iyaka, ban taɓa riƙe igiya da kula irin ta ranar ba. Duk mutanen jirgin sun jeru a sama suna kallo. Da ya iso na ga fuskarsa ta kumbura har idanun sun shige. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ban yi burodi ba." Na ce ya bari sai ya warke.

Da muka iso jeti motar asibiti tana jira. Za a ɗaga shi ya ce a dakata, a ɗan sauke shi ƙasa. Ma'aikatan suka dube ni, na ce su yi masa. Ya miƙa hannu daga kan gadon ya dafa simintin, inda ƙura ta kwanta, ya shafa fuska da hannuwa. Ashe ya daɗe alwala da ruwa tana wahalar da shi, jirgi kuwa duk ƙarfe ne da fenti, babu inda zai yi taimama yadda ransa zai kwanta. Ya yi sallarsa a kwance, muna tsaye muna kare masa rana, sannan ya ce khalas, shi ke nan, a tafi.

Jirginsu bai rasa layi ba. Ya yi lodi ya tafi da wani kuku da aka samo, kuma na ji an canja yaran a tasha ta gaba. Baba Seidu kuwa zuciya ce, kuma an makara. Ba a barin ziyara a lokacin, sai dai waya, kullum bayan la'asar muna gaisawa yana yi mini ƙorafin abincin asibiti, wai wanda ya dafa bai san gishiri ba. Bai kai ga sabon wata ba Allah ya karɓi abinsa. Iyalinsa a Takoradi suka ce a binne shi a nan.

Mu kaɗan aka bari, ni da limami da wasu 'yan Gana biyu da na nemo a Al-Sadd. Muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafani, muka sallace shi. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Da safe ne, amma rana ta riga ta bugi wurin, kuma da na jingina shi na ji ƙasar da ɗumi a tafin hannuna. A nan ne na yi kuka, ban yi a jeti ba, ban yi a waya ba.

Onarabul bai shiga maƙabarta ba, ya ce ba ya so ya takura mana. Na fito na same shi a bakin ƙofa tsaye a rana, hularsa a hannu, ga mota da sanyinta ya ƙi zama. Ya dubi ƙurar da ke gwiwoyin wandona.

"An sa shi a ƙasa?"

"An sa shi, Onarabul."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa. Muka shiga mota, na ja mu har muka kusa sito. Sannan ya ce akwai jirgin 'yan Indiya da ya iso jiya, in tabbata an sa musu garin alkama isasshe, kuma in leƙa sharar tasu kafin in juyo.